Baba Mai Ruwa da Murjanin da Na Kashe

Shida saura kwata yake shigowa sashenmu na wankin ƙoda, kafin rukunin farko na marasa lafiya. Ba ya kunna fitilar ɗakin jira. Sai ya rataye jakarsa a bayan ƙofa, ya wanke hannu har gwiwa da ruwa zalla, ba sabulu, sannan ya tsaya gaban tankin gilashin nan mai tsawon taku huɗu ya ƙirga kifayensa da ido. In sun cika sai ya ɗiga ruwan tankin a kan wata 'yar na'ura mai kama da guntun bututu, ya ɗaga ta wajen taga ya leƙa, ya ga ko gishiri ya yi yawa. Abin da ya ƙafe jiya sai ya cike shi da ruwan daɗi, don in ji shi ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan inda yake. Daga nan ya wuce ɗakin injin tace ruwa, wanda shi ne ainihin aikin da aka ɗauke shi dominsa shekara talatin da ɗaya da suka wuce.

Baba Mai Ruwa muke ce masa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ni ce shugabar ma'aikatan jinya ta sashen, kuma da aka ce a samu mai rubuta masa 'yan kalmomin ban kwana, ni na ɗaga hannu tun kafin a rufe baki. Abokan aiki sun ɗauka ƙauna ce. Akwai ƙaunar, amma akwai abin da ya fi ta nauyi, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Tankin kyauta ce. Wata baiwar Allah da mijinta ya yi shekara shida yana zuwa wanki a wurinmu kafin ya rasu, ita ta ba da shi shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ta ce mijinta ya gaji da kallon bango, tana so waɗanda suka zo bayansa su samu abin kallo. Ba irin tankin kifin da aka saba gani ba ne. Na ruwan gishiri ne, za a sa masa kifayen teku da murjani, kuma ba murjanin da ake sarƙa da shi ba, mai rai, wanda ke manne a dutse yana buɗewa yana rufewa. Da aka rasa wanda za a ɗora wa, sai aka ce ai ga mai ruwa. Bai ce ba aikinsa ba ne. Ya nemo littattafai, ya yi ta zarya wurin wani dillalin kifi yana tambaya har dillalin ya fara ɓuya.

Ya zuba yashi, ya jera duwatsu, ya haɗa ruwa da gishiri, ya kunna famfo. Daga nan ya tsaya. Mako ɗaya, mako biyu, mako huɗu, ba kifi ko ɗaya. Duwatsun suka fara yin wata irin gansakuka ruwan ƙasa. Ni kuwa duk wanda ya yi aiki da ni ya san halina: in na ga tabo a bango ba na iya cin abinci.

Na ce masa, "Baba, wannan tankin kifi ne ko kwatami? A goge duwatsun nan mana."

Ya ce, "Sista, ruwan ne bai nuna ba. Akwai 'yan halittun da ido ba ya gani, su ke cinye ƙazantar kifi, sai sun yi yawa tukuna. In kika sa kifi yanzu, cikin fitsarinsu za su mutu. Ke da kike aikin ƙoda ai kin fi ni sanin wannan."

Na san wannan ɗin. Kullum da safe sai na duba takardar gwajin ruwan injinmu kafin in yarda a jona mutum. Amma ban taɓa ɗaukar cewa kifi ma yana da irin wannan haƙƙin ba.

A mako na bakwai ya sa dodon koɗi shida. Ma'aikata suka yi ta masa tsiya, wai an yi mana alkawarin teku an kawo mana fadama. A na takwas ya kawo murjani guda bakwai, 'yan ƙanana, wani kore, wani ruwan toka, wani ja-ja, da kifi biyu masu ruwan lemo da farin zane. Fitilar saman tankin kuwa, mai shuɗin haske, bai ba ta ko kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta ba. Ya ce a jikin murjani akwai wasu ƙananan tsirrai, su ke ba shi launi su ke ciyar da shi, kuma in haske ya yi musu yawa farat ɗaya, murjanin fitar da su yake yi. Don haka kowane mako zai ɗan murɗa makunnin kaɗan. Sauran kifi goma sha biyu da aka yi oda suna wurin dillali, bibbiyu zai riƙa kawo su.

Sai aka sanar da mu cewa matar da ta ba da kyautar za ta zo ranar Alhamis tare da daraktan asibiti, a yi hoto. A makon ne kuma aka yi wa matar Baba aiki, ya ɗauki hutun kwana biyar. Kafin ya tafi ya rubuta takarda da babban rubutu ya manna ta da salatif a jikin kabad ɗin da tankin ke kai. Har yau ina iya karanto ta: kada a ƙara haske, kada a ƙara kifi, abinci ɗan tsunkule sau ɗaya.

Ranar Litinin na tsaya na dubi tankin, duhu-duhu, kifi biyu suna ɓuya a bayan dutse. Na ce a raina, wannan za mu nuna wa matar da ta binne mijinta? Lokacin riƙon muƙamin nake yi, ba a tabbatar da ni ba, ina so a ga na iya. Na ɓanɓare takardar na jefa a kwando, na goge wurin. Na kira dillali na ce Baba ya ce a kawo sauran kifin duka. Na murɗa makunnin fitilar har ƙarshe, na cire agogon da ke kashe ta, don ta wuni ta kwana a kunne.

Ranar Alhamis tanki ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Matar ta yi hawaye, darakta ya yaba. Kuma murjanin nan da suke da launin datti sun fara yin haske. Ranar Asabar da Baba ya dawo, biyar daga cikinsu sun yi fari tas. Ni da na tashi a aikin da fari ke nufin tsabta, har da fara'ata na tare shi.

"Ka ga yadda suka yi fes da ba ka nan?"

Bai dube ni ba. Ya miƙa hannu ya rage fitilar, ya ce, "Sista, wannan ba tsabta ba ce. Mutuwa suke yi."

Cikin mako guda kifi tara suka mutu, murjani shida suka bi su. Labari ya kai ga matar da ta ba da kyautar, ta kira darakta, darakta ya kira zama. Aka tambayi Baba me ya sa zai tafi hutu ya bar tanki ba umarni, fitila a sake. Ina zaune a gefensa. Ya juyo ya dube ni sau ɗaya, ni kuma na dubi birona. Sai ya ce, "Laifina ne, ranka ya daɗe." Aka rubuta masa takardar gargaɗi saboda sakaci aka sa a fayil ɗinsa. Ni kuma bayan wata uku aka tabbatar da ni. Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a sashenmu wani ya doka.

Abin da ya yi bayan nan, kowa ya gani. Murjani ɗaya ne ya rage, wani kore mai kama da ɗan yatsa, shi ma rabinsa ya yi fari. Ya saukar da shi ƙasan tanki inda inuwa take, ya riƙa canza ruwa kaɗan-kaɗan, wata huɗu, har launinsa ya dawo. Duk koren da ya cika gefen hagu na tankin yau daga wannan ɗan yatsan ya fito. Ya nemo ƙaramin tanki ya ajiye a ɗakin injin, duk sabon kifi sai ya yi wata guda a can kafin ya shiga cikin 'yan uwansa. Ranar da wuta ta ɗauke tun hantsi janareto ya ƙi tashi, masu shara sun gan shi tsaye da jug yana ɗiban ruwan tankin yana zubawa daga sama don kifi su samu iska, har la'asar.

Akwai wani tsohon tela da ya gaji da wanki ya ce shi ya bari, a bar shi ya mutu a gida. 'Ya'yansa sun yi roƙo, likita ya yi, ni ma na yi. Baba bai roƙe shi ba. Ya ɓallo wani ɗan reshen murjani ya manna a dutse daidai inda tela ke zama, ya ce masa, "Wannan naka ne, maigida. Ni idona ya fara rauni, ka riƙa duba mini ko yana girma." Tela ya zo da tef ɗinsa na awo ranar Laraba. Shekara uku ya ƙara yana zuwa, yana auna reshen ta bayan gilashi yana yi wa Baba gardama a kan rabin inci.

Kai ne mai ruwan da bai taɓa ba mu kunya ba, Baba. Shekara talatin da ɗaya ba a taɓa tsayar da wanki a sashenmu saboda ruwa ya gurɓata ba, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce maka sannu a kan haka, don aikin da ya tafi daidai ba a jin ƙararsa. Sau uku sunanka yana hawa jerin ƙarin girma, sau uku takardar gargaɗin nan tana sauko da shi. Duk ukun ina cikin ɗakin.

Makon jiya na same shi a ɗakin injin yana wanke matatar ruwa. Na rufe ƙofa. Na shirya magana mai tsawo, amma abin da ya fito kaɗan ne.

"Baba, takardar nan da ka manna. Ni na cire ta. Ni na ƙara hasken."

Ya ci gaba da wankinsa. "Na sani, Sista. Tun ranar."

"Ta yaya?"

"An goge gurbin salatif ɗin da sifirit, har makunnin fitilar an goge. Duk sashen nan wa ke taɓa abu ya bi shi da auduga in ba ke ba?"

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa. Ya ce lokacin riƙo nake yi, da ya faɗa da an sauke ni, kuma akwai marasa lafiya huɗu ko biyar da ba mai iya samun jijiyarsu sai ni. "Kifi ana sake sayowa," in ji shi. Har na fara jin sanyi a raina, sai ya ajiye matatar ya goge hannunsa.

"Amma kada ki ɗauka bai yi zafi ba. Na yi zaton za ki zo. Shekarar farko kullum in na ji takunki sai in ce yau ce. Daga baya na daina saurare."

Washegari na rubuta wa darakta komai, na sa hannu. Daraktan yanzu ba shi ne na wancan lokacin ba. Ya karanta, ya ce za a cire takardar daga fayil, kuma an cire. Ƙarin girman kuwa ya ce bakin alƙalami ya bushe, ba a ba mutum matakin da ya wuce shi shekara goma ana saura kwana tara ya tafi. Baba zai fita a matakin da yake kai ranar da na murɗa makunnin nan.

Na gode, Baba Mai Ruwa. Na gode a madadin duk wanda ya zauna awa huɗu da allura a hannu ya samu abin da zai kalla. Allah ya ba ka lafiya, ya ba uwargida lafiya, ya saka maka da abin da mu muka hana ka. Masu tasowa a wannan aiki, ku koyi haƙurinsa da amanarsa, ku je ku tambaye shi kafin ƙarshen wata, ba ya rowar sani. In kuma akwai wanda ke ɗauke da laifinku a wurin aiki, ku tashi ku faɗa tun faɗar tana da amfani. Ni na kasa jiran 'yan makonni saboda hoto, amma na iya jiran shekara goma sha ɗaya kafin in ce ni ce.