Rijiyar Bayan Ofishin Hedimasta

A firamaren ƙauyenmu da ke ƙasar Gwaram, lissafi ne darasin farko da safe, kuma a daidai lokacin ake tura 'yan mata rafi su cika randunan makaranta. Ba wanda ya ga aibun hakan. Kafin mu dawo da tuluna an goge allo, an shiga karatun Hausa. A haka Yayata, wadda ke gabana da aji uku, ta gama. Ta fi ni kai nesa ba kusa ba, amma lissafi ya kayar da ita a jarrabawar wucewa gaba.

Ina aji huɗu arzikin man fetur ya iso har wajenmu. Aka turo leburori da siminti, suka ƙara mana azuzuwa, suka haƙa rijiya a bayan ofishin hedimasta. Ranar da aka fara jan ruwa na ɗauki tulu bisa sabo. Malamin lissafi, wani dogon dattijo ɗan Sundimina, ya tare ni a ƙofa.

"Ina zuwa?"

"Rafi, Malam."

"Ajiye tulun nan, ki zo ki zauna gaba. Yau za mu fara rabawa."

Na zauna ina zufa, don ko tarawa ban ƙware ba. Da ya gane haka, sai ya riƙa tsayar da mu mata bayan an tashi, muna yi da tsakuwa a gindin darbejiya har muka kamo maza.

Na ci jarrabawa, na tafi makarantar horon malamai, na dawo Birnin Kudu ina koyarwa. Ita kuwa Yaya aka kai ta aure Kiyako, ta kama sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Da albashina ya zauna, na haɗa hannu da mijinta muka saya mata injin niƙa. Ciniki ya buɗe, har daga Surko ake kawo mata gyaɗa.

Wata ranar Juma'a ta iso gidana da galan na mai da 'ya'yanta mata biyu, kowacce da ƙunshin kayanta.

"Ga su nan," in ji ta. "Na ji makarantarku har ɗakin littattafai gare ta. Amma ki sani, ƙaramar ba ta cin tuwo sai da yaji."

A hannuna suka yi karatu. Babbar yanzu ungozoma ce a asibiti, ƙaramar kuma ita ta ja ragamar kasuwancin uwarta har Kano.