Babban Yatsan Ozella

Ozella Chisolm ta tura babban yatsanta cikin bokiti, kamar kowace safiya, wani namijin kaguwa ya ɗaga ƙaton hannunsa ya damƙe ta. Ko gezau.

"Yawwa, ɗan halak," ta ce, ta jefa shi kwandon sayarwa.

Shekara arba'in da ɗaya tana bin taɓon bakin teku in ruwa ya janye, tana kama 'yan kaguwoyin nan masu kaɗa hannu ɗaya kamar mai goge, masu kamun kifi suna saye su soka a ƙugiya. Wanda cizonsa ya kai ƙashi, ɓawonsa ma da tauri, ƙugiya za ta riƙe shi har kifi ya zo. Wanda ya lallaɓi yatsa bai daɗe da sake ɓawo ba, igiyar ruwa kaɗai ta isa ta tsinke shi. Irinsa taɓo take mayarwa ya ƙosa. Daga tsibirinsu har garin Beaufort, in an ce zaɓin Ozella ne, ba mai buɗe kwando ya duba. Yatsan kuwa ya zama kamar icen da teku ya tofar, ba ya jin allura, ba ya jin zafin tukunyar shinkafa.

Ta buɗe bokiti na biyu, kamun jiya. Duk dungu ne. Hannuwan na zube cikin gwangwani.

"Cleophus!"

Ɗan ƙaninta, wanda ya gaji shagon sayar da kaguwar daga ubansa, ya leƙo da kofi a hannu.

"Gwaggo, baƙi ke ƙorafi. Jiya ɗaya ya ciji wata mata, ihu kamar an yanka ta. Ai masunta ma karya hannun suke kafin su soka."

"A bakin ruwa! Bayan na zaɓa! Yanzu da me zan gane mai tauri? Da hancinka?"

"Wa zai sani? Kaguwa dai kaguwa ce."

"Tsoho Lucius masunci zai sani, in ya jefa goma ya jawo ƙugiya tsirara sau goma. Sunana zai tsine wa, ba naka ba, mai hannun burodi!"

"Ki zuba su kwando kawai, Gwaggo. Motoci sun fara tsayawa."

Ta dubi allon da ke rataye a saman teburin, sunanta da jan fenti, rubutun ƙaninta marigayi. Ta fizge shi har da ƙusoshinsa, ta saƙa a hammata, ta ɗauki bokitin guragun.

"Rubuta naka ka sayar."

Ta bangaji ƙofa da ƙafa, ta fice.