Kitson da Baba Rufus Bai Yi Ba

Duk wanda ya shiga jirgin ƙasa a tashar Kafanchan zamanin da jirgi ke zuwa a kan kari, ya san Rufus Kazah ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mai duba tikitin nan da ba ya dariya, wanda ko kawunsa ya kama ba tikiti sai ya sauke shi. Ɗan Fadan Kaje ne, ya shigo gari da ƙuruciya, ya yi furfura a kwatas ɗin ma'aikatan reluwe. Da ya ajiye aiki sai ya koma koyar da yara a makarantar Lahadi, kuma a can aka gano ashe bakin nan mai tsauri ya iya ba da labari.

'Ya ɗaya Allah ya ba shi, Serah. Tana aji biyar a firamare uwarta Regina ta kwashe kayanta ta koma gidansu a Gwantu. Abin da ya raba su, su biyu suka sani. Dattawan ekklesiya sun yi zarya har suka gaji suka zuba ido. Yarinya kuwa ta gidan uba ce bisa al'ada, don haka ta zauna. Kuma kada wani ya ce Rufus bai riƙe ta ba. Ya dafa, ya wanke, ya kai ta har makarantar koyon jinya, bai kuma sake aure ba.

To, amma tun da Serah ta kama aiki a wani asibiti a Jere, zuwanta gida ya koma kamar na mai kawo saƙo. Ta iso da hantsi, ta ajiye masa shinkafa da maganin hawan jini, ta ce, "Baba, gobe ina da aiki," kafin la'asar ta bi mota. Ba faɗa, ba rashin kunya, ba kuma kwana. Abin yana cin tsohon nan ƙwarai, don da faɗa ne da ya san inda zai kama. Ba abin da yake so a duniya irin 'yarsa ta zauna ta yi hira da shi, amma bai san ta inda ake fara wannan maganar ba.

A makarantar Lahadi ne littafin ya samo asali. Rufus ya lura yara da yawa a ajinsa wajen kaka suke, ko wajen uba shi kaɗai, alhali littattafan da ake ba su kullum ga baba ga mama a tebur ana murmushi. Ya ce haba, waɗannan fa, wa zai rubuta nasu? Yana da shekara saba'in da 'yan kai ya ɗauki biro. Ya ƙirƙiro wata yarinya Stella, 'yar shekara goma sha ɗaya, wadda ta dawo makaranta ta tarar uwarta ta tafi. Idan ya gama babi sai ya kai shagon Binta, mai buga takardu da kwamfuta a bakin kasuwa, ta buga masa.

Akwai babin da ya fi ƙauna. Asabar ta zo, babu mai yi wa Stella kitson zuwa sujada. Sai ubanta ya aro mataji, ya zaunar da ita tsakanin gwiwoyinsa, ya yi ta fama har yamma, ya fito da wani kitso karkatacce kamar hanyar shanu. Washegari matan zumunta suka yi ta ƙunshe dariya a coci, Stella kuwa ta ɗaga kai abinta. Binta tana bugawa tana dariya har da hawaye.

"Baba Rufus, wannan uban ya burge ni," in ji ta.

Rufus ya ji daɗi har cikin ransa. Ya sa ta rubuta a shafin farko cewa littafin na Serah ne. Ya ba wani direban Jere kofi ɗaya ya kai mata, tare da saƙon baki cewa in an buga littafin zai karanta wa yara a zauren coci, yana so ta zo ta zauna kusa da shi.

Shiru. Ya yi ta duba waya har ya fara jin kunyar kansa. Sai ran wata Talata, ana yayyafi, ga Serah a ƙofa, ba shinkafa ba magani, takardun kawai a hannunta. Ta gaishe shi, ta zauna a bencin baranda.

"Baba, na karanta. Ka iya rubutu."

"To, madalla."

"Amma wa ya yi wa Stella kitso?"

"Ubanta mana. Ba ki ga wurin ba?"

Sai ta kwance ɗankwalinta ta ajiye a cinya. Kanta a aske yake ƙasa-ƙasa, yadda ya saba gani shekara da shekaru. Shi duk zatonsa tsabtar aikin asibiti ce.

"Ni wajen mai aski ka kai ni, Baba, a bakin tasha. Kitson da ke kaina shi ne na ƙarshe da Mama ta yi mini kafin ta tafi. Na hana kowa taɓa shi har ya yi dauɗa. Ka ce ya isa haka. Ka danne kafaɗata, mutumin ya sa almakashi. Na tsinci jela ɗaya a ƙasa, ka ce in yar, ƙazanta ce. Tun ranar ban sake barin gashin nan ya tsaya ba."

Allah sarki! Rufus bai manta ba, ya dai binne ne. Malama ce ta koro yarinyar saboda kan. Kwatas cike yake da matan da suka iya kitso, amma su ne masu gulmarsa a bakin famfo, shi kuwa ya rantse ba zai durƙusa wa ko ɗayarsu ba. Girman kai ne tsagwaronsa, kuma kan yarinya ya sauka.

"Serah, ai labari ne," ya ce a hankali. "Ba tarihi ba ne."

"Na sani. Amma ka ba Stella uban da ni ban samu ba, sannan ka rubuta sunana a gaba. Kuma cikin yaran da za ka karanta wa, akwai waɗanda aka yi wa abin da aka yi mini. Za su koma gida suna cewa nasu uban ne kaɗai ya lalace."

Ta ɗaura ɗankwalinta ta tafi. Ko rakiya bai iya yi ba.

Duk daminar nan yana kan babi ɗaya, na kitson nan. Ya rubuta ya yage, ya rubuta ya yage, don kullum sai hannunsa ya nemo wa uban uzuri. A ƙarshe ya bar shi tsirara: bencin mai aski, ƙarar almakashi, hannun uba a kafaɗa, da jelar kitso a ƙasa. Uwar Stella ba ta dawo ba har littafin ya ƙare. Abin da ya ƙara kawai, uban ya zo daga baya ya ce wa 'yarsa, "Na cuce ki ranar nan, ki gafarta mini." Binta ta buga wannan ba dariya.

"Baba, yara za su yi kuka fa."

"Su yi. Wasunsu sun daɗe suna riƙe da shi."

A lokacin har matasa masu sha'awar rubutu sun fara taruwa a barandarsa ran Asabar, kowa da ƙorafinsa: wannan bai je jami'a ba, wancan Hausarsa ta kasuwa ce. Rufus yakan ce, "Ni da na ƙare rayuwata ina huda tikiti fa? Ku rubuta da bakin da kuke da shi, gyara yana zuwa daga baya. Amma in kun ga wurin da biro ya yi sauri ya wuce, ku koma can. Ni sai da 'yata ta mai da ni."

An buga littafin lokacin haƙar citta, 'yan kofi kaɗan. Ya aika wa Serah nata, ba saƙo wannan karon. Ranar karatu zauren coci ya cika da yara. Ya sa an ajiye kujera kusa da tasa, har aka yi addu'ar buɗewa ba kowa a kanta. Ya karanta babin askin. Da ya kai wurin almakashi ya tsaya, ya sha ruwa, ya ci gaba. Wata yarinya a layin gaba ta kifa kai a gwiwa, ba wanda ya hana ta.

Sai da aka watse ya hango Serah a bencin ƙarshe, ba ɗankwali. Gashin bai yi wani tsawo ba, amma an kama shi an yi ƙananan kitso, layi-layi.

"Wa ya yi miki?"

"Mama. Daga Gwantu nake."

Ya daɗe yana kallon kan. "Hannunta bai canza ba," in ji shi. Sannan ya faɗa mata da bakinsa abin da uban Stella ya faɗa a takarda, a tsaye, gaban masu kwashe kujeru.

Serah ta share ido da bayan hannu. "Baba, motar Jere ta wuce ni. Ɗakina yana nan?"

"A share yake," ya ce. "Kowace Asabar ina share shi."