Fiyus Ɗin da Na Ɗaure a Motar Kawuna

Assalamu alaikum, Edita. A lokacin da abin nan ya faru, ni matashi ne mai gyaran wayar mota a Kura, irin waɗanda ake kira masu rewaya. Na iya aikina, kuma na san na iya, abin da ya ja mini ke nan. Da rani idan tumatir ya nuna a Kadawa, garejinmu cika yake da motocin ɗaukar kaya, kowa na sauri kada kayansa su ruɓe a bakin gona, ni kuma ina jin babu matsalar wutar da za ta gagare ni.

Ina da kawu, yayan mahaifiyata, a wani ƙauye kusa da Bunkure. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya kai ni koyon sana'a. Yana da wata tsohuwar farar mota ƙirar da, wadda ya saya tun yana aikin buɗe wa gonaki ruwa, kafin a haife ni. Masu sha'awar tsofaffin motoci sun sha zuwa daga Kano suna taya ta, yana ce musu ba ta sayarwa ba ce. Wata rana ya kawo mini ita, ya ce fiyus ɗin fitilu ne yake ta ƙonewa, ya canza har ya gaji. Na tambaye shi yaushe yake ƙonewa, ya ce duk sanda ya hau hanya mai gargada ta bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani. Nan take na gane cutar. Akwai wayar da rigarta ta zage, tana taɓa ƙarfen jikin motar idan ta girgiza. Maganinta sai an kwance gaban motar an bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da ƙwan gwaji, ga su sun tsufa launinsu ya koɗe, aikin yini ne cur. Na dubi motocin da ke jirana, sai na ɗauki siririyar wayar tagulla na ɗaure bakin fiyus ɗin yadda ba zai sake yankewa ba. Na kunna fitila ta kama, na ce masa an gama. A raina na ce idan aiki ya lafa zan bi shi har gida in yi gyaran gaske. Ya sa mini albarka ya tafi. Ban je ba.

Ba a daɗe ba hon ɗin motar ya daina ƙara, sai Kawu ya tsaya a Bunkure wajen wani mai rewaya, Kirista ɗan Filato da ya jima a garin da iyalinsa, ya gyara masa. Ranar kasuwar da ta biyo baya Kawu ya ɗauko matarsa, wadda muke kira Inna, zai kai ta asibiti saboda ciwon ƙafa. Suna kan hanyar bakin kanal hayaƙi ya fara fitowa daga ƙarƙashin sitiyari, kafin ya tsaya wuta ta kama. Inna ba ta iya saurin fita, sai da ya zagaya ya jawo ta ta cikin wutar. Masu ban-ruwa suka rugo da bokitai, amma motar ta riga ta tafi. Inna ta tsira da 'yar ƙuna a kafaɗa. Hannayen Kawu duka biyu suka ƙone, har yau yatsunsa na dama ba sa miƙewa.

Da na je duba ƙwarangwal ɗin motar, akwatin fiyus ya narke, amma wayar tagullata tana nan maƙale. Na zare ta na jefa a kanal. Kafin in dawo gari magana ta riga ta bazu cewa ɗan Filaton nan ne ya haɗa waya ba daidai ba, tunda shi ya taɓa motar daga ƙarshe. Babu wanda ya yi tunanin ɗan gida. Bawan Allahn nan ya zo har garejinmu, idonsa jawur, ya rantse mini wayar hon kaɗai ya taɓa, ya roƙe ni in je in duba in faɗa wa mutane gaskiya, tunda ni ma abokin sana'a ne kuma za a ji maganata. Na ce masa wuta ba ta bar abin dubawa ba. Ya yi mini godiya, Edita, ya tafi. Mutane suka daina kai masa aiki, wasu har jifan rumfarsa suka yi. Kafin damina ta sauka ya kwashe iyalinsa ya bar garin.

Shekaru na yi da wannan abu a cikina. Duk sanda na je gaida Kawu na ga yadda yake fama da buta wajen alwala, sai in kawar da kaina. Rannan ina zuba masa ruwa, yana yi mini addu'a, na kasa daurewa na faɗa masa komai, har da wayar da na jefa a ruwa. Ya ƙarasa alwalarsa. Sannan ya ce, "Hannuna nawa ne, na yafe maka. Amma sunan bawan Allahn nan ba nawa ba ne, ba ni da ikon yafe shi." Washegari ya sa ni gaba har Bunkure, na tsaya a gaban makanikai da direbobi na maimaita abin da na faɗa masa. Na nemi mutumin ta wajen 'yan cocinsu, suka ce ya koma gida, daga can ya sake tashi, lambarsa kuma ta daina shiga. Har yau ban same shi ba.

'Yan'uwana masu sana'a, fiyus idan ya ƙone gargaɗi yake yi, a bi wayar a nemo cutar, kada a toshe masa baki. Wanda kuma ya yi kuskure ya faɗa tun da zafinsa, kafin a ɗora wa wanda ba shi da kowa a gari. Sakacina mota ya ƙona da hannun Kawu, shiruna kuwa ya tashi gida guda. Idan Allah ya sa wannan rubutu ya kai ga idonka, ɗan'uwana, ba kai ba ne. Ni ne.