Kwana Uku da Baba a Cikin Yashi

Baba manomin citta ne a wani ƙauye kusa da Kafanchan, kuma har ya yi furfura bai taɓa wuce Kaduna ba. A farkon shekarun casa'in yayana ya sami aikin gadin gandun daji, aka tura shi can arewa wajen iyakar Nijar. Wasiƙunsa suka riƙa zuwa da labarin da Baba ya ƙi yarda da shi: wai akwai tudun yashi da ya fi cocinmu tsawo.

"Sai na gani da idona," in ji shi.

Bayan Kirsimeti muka hau jirgin ƙasa, ni da shi. Ina leƙe ta taga, duwatsunmu suka ɓace, itatuwa suka yi ta raguwa. A Nguru Yaya ya tarye mu da motar aiki, bayanta cike da jarkokin ruwa. Kafin mu shiga daji sai da ya tsaya wajen mai unguwa ya faɗa masa inda za mu sauka da ranar da za mu fito. Sannan ya rage iskar tayoyi don kada mu kafe.

Muka kafa tanti a gefen wani dausayi mai dabino da goriba. Nan Yaya ya zaunar da mu kamar 'yan makaranta. A kakkaɓe takalmi kafin a sa, saboda kunama. Ba a tafiya da tsakar rana. Ko bayan gida za ka, ka ɗauki gorar ruwa.

"In kuma ka ɓata, Baba, kada ka nemi hanya. Zauna inda kake. Ni zan zo."

Baba, wanda ba a taɓa ba shi umarni a gidansa ba, ya yi dariya. "To, Oga."

Washegari da sassafe ya ɗauki gorarsa ya haye tudu don yin addu'a shi kaɗai, yadda ya saba a gona. Iska ta taso kaɗan, ta shafe sawunsa. Muka dafa shayi, ya huce, bai dawo ba.

Yaya ya ce in tsaya a tanti, na ƙi. Muka riƙa hawa tudu muna sauka, yana busa usur, ni ina kiran Baba har muryata ta dushe. Rana ta ɗaga sosai kafin mu ji waƙa daga bayan wani tudu, waƙar coci da yarenmu. Baba yana zaune gindin wata goriba, ya rufe kai da riga, ruwansa saura rabi.

"Kowane tudu kamar ɗan'uwansa," ya ce wa Yaya. "Ƙafata ta so tafiya, amma na yi abin da ka ce."

Yaya ya durƙusa zai yi masa faɗa. Sai Baba ya dafa kan Yaya.

Bayan 'yan shekaru Baba ya rasu. Yaya ya bar aikin, yana noma a Gwantu yanzu, kuma duk lokacin da na ce mu koma, sai ya ce hanyar ba ta biyuwa. Na fi kewar yammacin ranarmu ta ƙarshe a can. Wani makiyayi ya kawo raƙumansa shan ruwa, ya zauna da mu. Shi Hausarsa ta karkata gefe guda, ta Baba ta karkata ɗaya gefen, amma suka yi ta hira. Baba yana kwatanta masa da hannu yadda ruwan sama ke kwana uku yana zuba a garinmu, mutumin yana girgiza kai yana dariya. Ni ina zuba musu shayi, kofi bayan kofi, har rana ta faɗi.