Tufkar Kamilu a Gidan Suna

Kamilu manomi ne a wani ƙauye kusa da Tofa, kuma babu gonar da ta kai tasa tsari. Sai dai tun yana yaro ba ya jure hayaniya. Da zarar an kunna lasifika sai ya toshe kunnuwa, ya nufi gona ba sallama. An yi rubutu, an yi hayaƙi, bai sauya ba.

Matarsa Mairo ce mai kwasar takaici. Kowane biki ita ke ƙago masa uzuri, har uzurin ya ƙare. Da aka yi wa wanta haihuwa, mahaifinta Malam Zaharaddini ya ce, "Idan bai zo sunan nan ba, ki kwaso kayanki ki dawo gida. Na gaji da raini."

Mairo ta tasa Kamilu gaba zuwa wani asibiti a Kano. Likitar ta ce ba aljanu ba ne, ba girman kai ba ne. Halittarsa ce, ƙarar da kowa ke ɗauka shi tana fin ƙarfinsa. Ta koya masa ya zauna a gefen taro, ya ja numfashi a hankali, ya ba hannuwansa aiki.

"Wane aiki ke kwantar maka da hankali?"

"Tufka."

"Tufka?" in ji Mairo. "A gaban surukai? Likita, ki dubi Allah!"

Ranar suna ya zauna ƙarƙashin tsamiya da damin rama. Wata gwaggo ta ce, "Mairo, maigidan naki kasuwa ya zo ci?" Aka kunna lasifika. Mairo ta ga kafaɗunsa sun ɗaga, ta ce shi ke nan, aure ya mutu. Amma ya numfasa, hannuwansa suka ci gaba da murza.

Malam Zaharaddini ya zo ya tsaya a kansa. Kamilu bai ɗago ba, ya miƙa masa igiyar.

"Baba, igiyar guganku ta kusa tsinkewa. Tun bara na gani."

"Tun bara, sai yau kake faɗa?" Tsohon ya ja igiyar da ƙarfi, ta ƙi motsi. Ya waiwayi 'yarsa. "Ki zauna ɗakinki. Amma ki gaya masa, idan ana addu'a a ajiye tufka."

Mairo ta dubi sabuwar babbar rigar da ta kai aka buga masa. Zaren rama ya rufe ta tun daga wuya har ƙasa.