Faifan Mma da Hannu Mai Hawa Iska

Ban taɓa yin aikin da ya ba ni wahala kamar na injin faifan nan ba. Shekarata ashirin ina gyaran rediyo a bakin titin Nima a Ankara, babu irin wadda ban buɗe ba, amma wannan sai da ya cinye mini kwana tara ya bar ni da ciwon baya.

Mai shi wani ɗan unguwar Maamobi ne da ya dawo daga Amerika, irin waɗanda muke ce wa boga. Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne, kowa ya koma kaset. Ya sauko da shi daga tasi a naɗe cikin bargo. Ya ce, "Masta, hannun wannan ba irin na garmaho ba ne. A kan iska yake tafiya." Na ce masa ni ba yaro ba ne. Sai ya nuna mini. Sandar ƙarfe ce a kwance, da ƙananan huji waɗanda sai ka ƙura ido za ka gani. Famfo ke hura iska ta tiyo, ta fito ta hujin, hannun mai allura ya hau kanta ya zame a miƙe daga bakin faifai zuwa tsakiya. Famfon ya ƙone, don ranar da ya iso ya cusa shi a wutarmu kai tsaye, alhali ta fi ta Amerika ƙarfi. Ya ce ran Juma'a ta sama zai zo ya ɗauka.

Ban bar shi a shago ba saboda hayaƙin trotro, motocin hayarmu. Gida na kai shi, na ɗora a kan tebur.

Uwar matata tare da mu take zaune, Mma muke ce mata. Mijinta direba ne, albasa yake kawowa kasuwar Agbogbloshie, kuma yana kaɗa gurmi yana waƙa. Sau ɗaya wasu mutane suka ɗauki muryarsa a ƙaramin faifai. Ya rasu matata tana da shekara shida, ba ta iya tuna muryarsa. An taɓa ɗora faifan a wani tsohon garmaho a gidan suna, allurar ta cinye gefe guda. Tun ranar Mma ta naɗe shi a ɗankwali ta sa a ƙasan adaka, ba ta sake yarda an taɓa shi ba.

Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon injin. Ta ce wa matata, "Tambayi mijinki, da gaske abin nan ba ya cin faifai?"

Na ce, "Mma, in ya yi aiki, nauyinsa a kan faifai bai wuce gyaɗa biyu ba."

Ta ce, "In ya yi aiki." Ta koma ɗakinta.

Daga nan aikin ya tashi daga na boga. Gefe ɗaya ya rage wa faifan, kwana tara suka rage mini.

Na samo injin tsohon firij ya zama famfo, na ajiye shi a kicin don ƙararsa, na ja tiyo ta taga. Iskarsa tana fita da bugu-bugu, sai na karɓo tiyub na tayar mota wurin mai faci na sa a tsakani, ta riƙa fita a hankali. Hannun ya hau, ya tafi, rana ta uku ya cije.

A nan na yi wautar. Mu masu gyara, duk abin da ya cije mai muke ba shi. Ban ko yi tunani ba, na ɗauko man keken ɗinki na ɗiga a kan sandar. Man ya toshe hujin duka, hannun ya zauna daram. Da faifan Mma ne a kai, da allurar ta haƙa rami a wuri ɗaya. Matata ta ce, "Maigida, Allah ya sa ranar da na yi tari ba za ka ɗiga mini ba." Kwana biyu ina wanke sandar da sipirit ina hurawa. Ashe ruwa ne ya taru a tiyon tun farko, danshin Ankara, ga man da injin firij ke tofarwa. Kwalba cike da auduga na sa a hanya, ta tare su.

Sai kuma hannun ya riƙa gudu gefe guda shi kaɗai. Daɓen gidajen Nima duk a karkace yake zuwa kwata, don ruwa ya gangara. Na aro ma'aunin magini, na yi ta cusa kwalin sukari a ƙarƙashin ƙafafun tebur, a durƙushe, har hannun ya tsaya inda na ajiye shi. Na gwada da faifan boga, wata waƙar Turawa, ta tafi har ƙarshe. Na ji suna jan murya kamar shanu, na ce haka waƙarsu take.

Ran Alhamis bayan la'asar na zagaya tsakar gida na roƙi mata su ajiye taɓarya, don in ana daka allura tsalle take yi. Maƙwabciyarmu 'yar Asante ta ce, "Masta, in mijina ya dawo babu fufu, ɗakinka zan turo shi." Amma ta ajiye, ta zo bakin taga.

Mma ta kwance ɗankwalin da hannunta. Na wanke nawa, na ɗora faifan, na sauke allura. Gurmi ya fara, murya ta biyo. Matata ta kama bakin zanenta.

Mma ta ce, "Ɗaga."

Na ɗaga.

"Wannan ba shi ba ne. Wannan tsoho ne. Shi bai tsufa ba."

Na zauna ina kallon faifan yana juyawa, sai na gane. Taransifomar da na sa ta rage wa injin ƙarfin wuta, amma wutar Amerika ta fi tamu saurin bugawa, shi ya sa yake jan ƙafa. Turawan nan ma ba haka suke waƙa ba. Ba ni da abin auna gudu. Na ce, "Mma, ku ne za ku gaya mini."

Na cire bel ɗin da ke juya faifai, na naɗa baƙin tef a kan ɗan ƙarfen da ke jan sa don ya yi kauri, na mayar. Baiti ɗaya nake sawa in ɗaga, ina tsoron faifan.

"Da saura."

Na ƙara.

"Da saura kaɗan."

Na ƙara da yawa.

"Kai, ka mayar mini da shi ɗan yaro."

'Yar Asante ta yi dariya daga taga. Na warware zagaye biyu, na sauke allura. Na kai hannu zan ɗaga, matata ta riƙe mini gwiwar hannu. Muka bar shi ya tafi, hannun yana zamewa a hankali, ba ka jin komai sai mutumin da gurminsa.

Da ya ƙare Mma ta ce, "Mura yake yi ranar. Na ce masa kada ya je."

Matata ta ce, "Mma, haka yake magana ma?"

"Haka. In yana neman abinci ma ya fi haka daɗin baki."

Ba ta ce a maimaita ba. Ta miƙo hannu na ba ta, ta naɗe. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Gobe za a zo a ɗauke shi?" Na ce gobe ne. Ta ce to, Allah ya yi albarka.

Washegari ina idar da asuba na hau trotro zuwa shataletalen Circle, na tsaya a kan mai kaset har ya buɗe teburinsa, na sayi sababbin kaset guda biyu. Na dawo na jona rikoda a bayan injin, na kunna famfo, na je ƙofar Mma na durƙusa na yi sallama, na ce ta sake ara mini faifan kafin boga ya iso.